Ƙarin RAM ko SSD: Wanne Zai Farfaɗo da Tsohuwar Kwamfuta?

Idan kwamfutar gida ta koma tafiyar hawainiya, gyara biyu ne a gabanka: ka ƙara mata RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take riƙe ayyukan da ke buɗe, ko ka cire tsohon faifan ajiya ka sa SSD, wato sabon nau'in ma'ajiyar bayanai mai sauri. Kafin ka sayi komai, danna Ctrl, Shift da Esc tare. Task Manager, wato tagar Windows mai nuna yadda kwamfuta ke aiki, zai buɗe ya nuna maka ɓangaren da aiki ya yi wa yawa, RAM ne ko faifai.

Tsohon faifai yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, wata 'yar allura tana yawo a kansa tana lalubo bayanai. Ita ce ƙarar ƙirit-ƙirit ɗin da kake ji, ƙaramar fitilar nan kuma ta ƙi daina ƙiftawa. SSD babu abin da ke motsi a cikinsa, yana karanta kusan megabayit 500 a daƙiƙa. Kwamfutar da kake kunnawa ka zauna zaman jira sai ta tashi nan take. Ni dai a nan zan fara, wallahi bambancin kamar dare da rana ne.

RAM kuwa amfaninsa sai kwamfutar na shaƙewa in an buɗe shafukan intanet da yawa. Ƙara shi daga gigabayit 4 zuwa 8 ya wadatar, amma Windows mai bit 32, wato tsohon nau'insa, ba ya cin moriyar abin da ya haura 4.