Hattara da mai tallar "abincin karen Faransa" a Garwa

Salamu alaikum jama'a. Wannan gargaɗi ne ga duk mai kare a Garwa da kewaye. Na san wani zai ce "kare kuma?" To, mu da ke zaune bayan gari ta hanyar Gashiga, inda ɓarayin awaki ba sa barci, mun san ranarsa.

Akwai wani mutum da ke zuba hotuna a rukunonin WhatsApp, wai yana da abincin kare na buhu daga Faransa, kilo 20 a kan sefa dubu 18. Ya ce kaya ne suka daɗe a tashar jirgin ruwa ta Duwala, shi ya sa ya karya kuɗin. Rabi a tura ta waya, sauran idan mai babur ya kawo. Ƙanina ya ce, "Yaya, araha fa ba ta ado." Ban ji ba.

Buhun kam na gaske ne, da hoton kare da rubutun Faransanci. Amma bakinsa ɗinki ne da zare irin na buhun masara, kuma an manna 'yar takarda daidai inda ranar lalacewa take. Ƙwayoyin ba girmansu ɗaya ba, ka matsa ɗaya da yatsa sai ta koma gari, ga warin fumfuna. Duk na gani, na ce ƙila haka na Turawa yake.

Bayan kwana goma karena ya ƙi ci, sai amai da kwanciya. Farin idonsa da dasashinsa suka koma rawaya kamar mai shawara. Likitan dabbobi ya ce in kawo abincin. Ya jefa kaɗan a kofin ruwa, nan take ya watse: dusa, ɓarzajjiyar masara, tunkuza, sai launi ja yana yawo a sama. Ya ce, "Malam, tsoffin buhuna suke saye su cika." Masara da gyaɗar da suka yi fumfuna kan ɗauki wata guba, aflatoksin, mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ko a Amurka, tsakanin ƙarshen 2020 da farkon 2021, sai da aka janye wani abincin karnuka daga kasuwa saboda ita, karnuka fiye da 100 kuma suka mutu. Can ke nan da ake gwajin kaya.

Abin da ya fi ba ni haushi, lafiyayyen abincin yana cikin gidana tun farko. Likita ya ce dafaffiyar shinkafa ko tuwo, da nama ko kifin Binuwai da aka zare ƙayarsa, dafaffen ƙwai, ɗan kabewa, da ruwa mai tsabta kullum, balle a zafin Maris da Afrilu. Ya hana ragowar miya, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, ga gishiri da magi. Ya hana dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soki hanji.

Karen ya tashi, alhamdu lillahi, amma magani ya ci fiye da kuɗin buhun. Lambar mutumin a kashe take. Shekaranjiya na ga hotunan nan dai a wani rukuni na Marwa da sabon suna, har da waccan tabarmar shuɗiya da ya jera buhunan a kai. Na kai wa jandarmomi hotunan da shaidar tura kuɗin. Buhun yana nan a zaurena, duk mai son ya shinshina kafin ya tura nasa kuɗin, ya zo bayan la'asar.