Farmasin da ke kula da masu ciwon daji a unguwar Zango

Tun da mahaifiyarmu ta fara karɓar magungunan ciwon daji a Yamai, tafiyar kilomita kusan 900 daga Damagaram, wani farmasi da ke unguwar Zango ne muke dogara da shi a kwanakin da take hutawa a gida kafin ta koma.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yadda mai farmasin ke zama ya karanta takardar likita a natse, sannan ya bayyana mana da Hausa cewa Ondansetron na tsayar da amai amma yana iya kawo taurin bayan gida, don haka a yawaita mata ruwa, a kuma sanar da likitanta. Da bakinta ya yi gyambo har kunu ya gagare ta, shi ya koya mana kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri kaɗan, ya kuma gargaɗe mu cewa zazzaɓi bayan karɓar maganin ciwon dajin ba abin jira ba ne, sai asibiti nan take. "Hajiya, kada ki ɓoye ciwo," haka yake ce mata kullum.

Matsalarsu ɗaya ce, kuma babba: maganin zafi mai ƙarfi yakan yanke musu, har sau biyu muka kwana tana nishi.