Kwana Huɗu a Watan Afrilu: Paris ko Istanbul?

Idan kwana huɗu kacal gare ka, ni dai Istanbul zan nuna maka. A Afrilu sanyi ya fara raguwa, furannin tulip sun cika lambun Emirgan. Daga Aya Sofiya, ginin da aka kammala a shekarar 537, taku kaɗan ne zuwa Masallacin Sultan Ahmet mai hasumiya shida. Da la'asar ka gangara unguwar Eminonu da ke bakin ruwa, ka sayi gasasshen kifi cikin burodi da albasa, ka hau jirgin ruwa da shayinka a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Kafin ka shanye, ka tsallaka daga Turai zuwa Asiya. Ga kiran salla ko'ina, abinci kuma ba sai ka yi ta tambaya ba.

Paris ma ba ta da makusa, amma tana cin aljihu da lokaci. Hasumiyar Eiffel akwai dogon layi, gidan tarihi na Louvre kuma ba ya buɗewa ranar Talata. Naman halal sai ka nema, ko da yake shayin na'ana'a na Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, ya cancanci tattaki.