In kuɗin littafi ɗaya gare ka: Baba ta Karo, Sardauna ko Dorugu?

Yadda littafi ya yi tsada yanzu, ba kowa ne zai shiga kanti ya kwaso uku ko huɗu a lokaci guda ba. Ƙanwata ce ta tambaye ni kwanan baya, ta ce ta gaji da littattafan soyayya, tana son labarin da ya faru da gaske amma mai jan hankali, kuma kuɗin ɗaya kawai take da shi. Kafin in ba ta amsa sai na tambaye ta bakin wa take son jin labarin: bakin talaka, bakin mai mulki, ko bakin ɗan bincike da ya zo daga baya ya tattara takardu. Zaɓin duk a nan yake.

Ni dai in aka bar ni, Baba of Karo zan fara miƙa wa mutum. Wata tsohuwa ce Bahaushiya da aka haifa wajen 1877, ta zauna da Mary Smith, matar wani masanin al'adu da ke bincike a ƙasar Zazzau, tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, tana ba ta tarihin rayuwarta da Hausa, ita kuma tana rubutawa. Littafin ya fito da Turanci a 1954, bayan rasuwar Baba. Abin da ya sa ya fi mini sauran shi ne ba ruwan Baba da jerin sarakuna da shekarun yaƙi. Cikin gida take kai ka: yadda ake kamun amarya, yadda ake zama da kishiya, yadda mata ke ƙulla ƙawance, da bori, da wankan jego. Ta yi aure sau huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai 'ya'yan riƙo, kuma tana faɗin wannan ba tare da neman tausayi ba. A tsakiyar hirar gida sai ka ji ta sako labarin mahara da suke kama mutane, da yadda dangi ke harhaɗa kuɗin fansa, da rinjin bayi, da ranar da aka ce Turawa sun iso. Duk wanda ya taɓa kwana ɗakin kakarsa zai gane muryar, ko da yake ta bi ta Turanci. Aibinsa guda: gabatarwar da mijin Mary, M. G. Smith, ya rubuta aiki ne na 'yan jami'a, mai nauyi. Tsallake ta, ka fara da bakin Baba, in ka gama ka dawo.

Mai son siyasa kuwa hankalinsa zai tafi kan My Life na Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya fito a 1962. Yana da daɗin karatu, ba shi da kauri, kuma za ka ji ƙuruciyarsa a Raba da karatunsa a Kwalejin Katsina daga bakinsa. Amma ka san abin da kake saya. Firimiya ne a kan kujera yake ba da labarin kansa, ba zai ce miyarsa ba gishiri ba. Sannan littafin ya riga juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 da shekara huɗu, don haka abin da yawanci ke son sani, wato yadda aka kai ga kisansa, babu shi a ciki. Wanda ke son cikakken tarihi sai ya nemi na John Paden na 1986, wanda kamfanin Hudahuda na Zariya ya buga. Wannan kam sai ka shirya, don kaurinsa ya kai a yi matashin kai da shi, kuma na san gidaje da yawa da yake kan kanta shekara da shekaru ba a kai rabi ba. In juyin mulkin ne kansa ya dame ka, Oil, Politics and Violence na Max Siollun, wanda ya bi abin da sojoji suka yi daga 1966 zuwa 1976, ya fi saurin kai ka inda kake so.

Akwai kuma labaran tafiye-tafiye, inda na fi samun abin mamaki. Dorugu yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta, aka kai shi Kukawa, ya sami 'yanci, ya bi Bajamushen nan Heinrich Barth har Tambutu, daga nan ya isa Landan a 1855. A Ingila ya ba J. F. Schön, wani ɗan mishan mai nazarin harshen Hausa, labarinsa da Hausa. Daɗin abin shi ne an juya madubi: mun saba Bature ya zo ya kwatanta mu, a nan ɗanmu ne ke kallon Turawa yana mamakin cin abincinsu da suturarsu. Fassarar Turanci tana cikin West African Travels and Adventures na 1971, wanda Kirk-Greene da Paul Newman suka shirya, haɗe da labarin Maimaina na Jega. Matsalar, samunsa sai an sha wuya. Ya fi yiwuwa ka gan shi a ɗakin karatu na jami'a da a kanti.

Wanda aljihunsa ya bushe ƙarƙaf ma yana da mafita. Labarin Mahommah Gardo Baquaqua, da aka buga a Detroit ta Amurka a 1854, ya tsufa har ana samunsa kyauta a intanet, kuma gajere ne, zama biyu ka gama. An haife shi a Jugu, cikin Jamhuriyar Benin ta yau, mahaifiyarsa 'yar asalin Katsina ce. Aka sayar da shi zuwa Brazil, ya tsere daga jirgin ruwa a New York a 1847. Sai dai wanda ya taya shi rubutawa, Samuel Moore, ya cusa nasa ra'ayin a wurare da dama, har wani lokaci ba ka rabe muryar wane da ta wane. Bugun Robin Law da Paul Lovejoy na 2001 shi ya warware wannan da bayanai, in har za ka kashe kuɗi.

Duk waɗannan da Turanci akasari ake samun su. Mai son Hausa tsantsa ya nemi Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, labarin zuwansa Ingila a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, lokacin yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ƙarami ne, ko ɗan sakandare zai ji daɗinsa.

Kowanne ka zaɓa, buɗe shi a gaban mai kanti kafin ka biya. Na taɓa sayen wani tarihi a gefen titi, bango fes, araha har na yi murna, sai da na kai tsakiya na tarar shafi goma sha shida sun maimaita kansu, wasu goma sha shidan kuma babu su. Bugun jabu ne. Duba lambobin shafi daga tsakiya, ka ja yatsa a kan tawadar, ka kalli hotuna ko sun dusashe. Tsohon kwafi na gwanjo, ko da sunan wani a shafin farko, ya fi irin wannan sau goma.

Ƙanwar tawa dai Baba ta ɗauka. Bayan kwana uku ta kira ni da dare tana tambaya ko da gaske ne kakarmu ma an yi mata riƙo a gidan gwaggonta.