Tabarau ko maganin ɗigawa: me mai aikin kwamfuta zai fara saya?

A ofishinmu da ke Garwa, la'asar na yi za ka ga kowa yana murza ido. Wata ƙanwata a wurin aiki, wadda ke wuni tana buga takardu, ta ce mini: "Yaya, kamar an watsa min yashi, rubutun ma dishi-dishi nake gani." Washegari ta shigo da tabarau na kasuwa, wai yana tare shuɗin hasken kwamfuta. Mako ya zagayo tana nan tana murzawa.

Shi wannan tabarau shi aka fi tallatawa, kuma shi ne na ƙarshe da zan ce ka saya. A 2023 masanan Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken likitanci, sun tattara gwaje-gwaje 17, ba su ga alamar yana rage gajiyar ido fiye da farin gilashi ba. Matsalar tana wani wuri. Mutum kan ƙifta ido wajen sau 15 a minti ɗaya, amma da ya ƙura wa allo ido sai ƙiftawar ta ragu da kusan rabi, ido ya bushe. Ga ƙurar hunturu, ga fanka tana busa fuska a zafin watan Afrilu.

Saboda haka maganin ɗigawa mai kama da hawaye ya fi dacewa da yawancinmu. Ka saya a farmasi, kuma in za ka ɗiga fiye da sau 4 a rana, nemi wanda ake zubawa a 'yan ƙananan robobi na amfani sau ɗaya. Abin da ke tayar min da hankali shi ne ɗigon masu talla da ke mayar da jan ido fari nan take. Wasu na ɗauke da wani magani mai suna dexamethasone, wanda yawan amfani da shi ke jawo hawan jinin ido, kuma ganin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

In ka haura shekara 40 kana nesanta waya kafin ka karanta saƙo, tabaran karatu kake buƙata. Na kan teburin 'yan kasuwa mai lamba +1.00 ko +2.00 yana da araha, sai dai ƙarfinsa ɗaya ne dama da hagu, kuma an yi shi don littafi a hannu, alhali allo yana nesa da kai santimita 50 zuwa 70. Wanda aka yanka bayan awon ido a asibiti ya fi tsada, amma naka ne. Ka gaya wa mai awon cewa aikin kwamfuta kake yi, ka nemi gilashi mai kashe ƙyalli.

Ƙanwar tawa awon ta je ta yi, aka gano idonta na hagu ya fi rauni. Ta juya teburinta ya daina fuskantar taga, ta sauke allon ƙasa da saitin ido kaɗan, kuma duk minti 20 takan ɗaga kai ta kalli bishiyar darbejiyar da ke ƙofar ofis na daƙiƙa 20.