Tabon ƙuna: abin da ya cancanci kuɗinki, da wanda zai cuce ki

Shekara biyu ke nan da tukunyar koko ta kife wa autata a damtse. Sai da ciwon ya kusa wata kafin ya rufe, kuma tun a asibiti likita ya gargaɗe ni cewa ƙunar da ta haura mako uku ba ta warke ba ita ce ke barin tabo mai tudu da ƙaiƙayi, balle a baƙar fata irin tamu. Tun daga ranar nake saye-saye, na kuma sha asara.

Idan abu ɗaya za ki saya, 'yar'uwa, sayi filastar silikon. Wata leda ce mai taushi da ake yankawa daidai girman tabon a manna. A wani asibitin yara da ke Adelaide ta Ostareliya aka fara gwada ta kan yaran da suka ƙone, farkon shekarun 1980, kuma har yau ita likitoci ke fara ambata. Aikinta riƙe danshi a fatar, don kada jiki ya yi ta tara nama a wurin. Sai ciwo ya rufe sarai ake sa ta, aƙalla awa 12 kullum, wata biyu zuwa uku ko fiye. Kowace safiya nakan ɓare ta, in wanke da sabulu mara ƙarfi, in shanya a kan faranti mai tsabta, in mayar. Guda ɗaya takan yi makonni. Da zafin Afrilu ya zo, gumi ya fito wa yarinyar da ƙuraje a ƙarƙashinta, sai na bar ta kwana biyu, na koma sawa da dare. Cikin wata na huɗu tudun ya fara kwanciya, susar tsakar dare ma ta tsaya.

Silikon na shafawa ya fi dacewa da fuska da gaɓoɓi, amma ba ya auki. Rigar matsi, mai matse tabo, don babbar ƙuna ake yin ta, ana auna ta a asibiti, ana sa ta awa 23 a rana. Man albasa ba shi da hujja mai ƙarfi. Bitamin E kuwa, wani bincike na 1999 a Amurka ya ga kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shafa shi ya tayar musu da fata. Man kaɗanya na tausasa wurin, ba ya kwantar da tudu.

To, ga inda aka cuce ni. Kafin in san silikon, wata mai talla a WhatsApp ta sayar mini da haɗi a roba marar suna, wai yana tsiro da sabuwar fata. Mako uku, fatar gefen tabon ta yi fari ta yi sirara har jijiyoyi na nunawa, tabon kuwa yana nan daram. Mai kemis ya ce alamar an zuba sitiroid, maganin da ke sirantar da fata in an daɗe ana shafawa, da man bilicin ne. Na yi kuka ranar.

Tsiro da fata gaskiya ne, amma aikin ɗakin tiyata ne. Likita Fiona Wood ta birnin Perth a Ostareliya ta yi amfani da dabarar fesa ƙwayoyin fatar majinyaci a kan ƙunarsa ga waɗanda harin bam na tsibirin Bali a Indonesiya na 2002 ya rutsa da su, Amurka kuma ta amince da na'urar fesawar a 2018. Duk wadda ta ce tana da wannan a kwalba, ƙarya take.

Kada hoton "da" da "yanzu" ya ruɗe ki, haske kawai ake canzawa. Duba lambar NAFDAC, ranar lalacewa, da ko an taɓa buɗe kwalin. Abin da ba a rubuta sinadaransa ba, kada ya taɓa fatar ɗanki ko kyauta ne. Ita kanta filastar akwai jabunta: ta gaske tana ɓaruwa ba zafi, ta sake mannewa bayan wanki, jabun kuwa tana tsige gashi, ta bar danƙo a fata.