Kafin alƙalamin magini: abin da na gani a Ikko

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata su Inna da yara da sauran mutanen gida kowa lafiya. Na saurari saƙon da ka turo kan ɗakuna biyun da za a yi wa Inna a bayan gida, da maganar da magini ya yi cewa sai an ba shi rabin kuɗi kafin ya ɗora bulo ɗaya. Ka ce in gaya maka yadda ake yi a nan tunda na taɓa gini. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta, ko wani ɗan'uwa mai irin wannan niyya ma zai ƙaru.

Ka san yadda muka taso muka ga ana yi. A kira magini, a zagaya fili, a yi jinga a tsaye, a ciro wani abu a ba shi a ce ga kafin alƙalami. Ba takarda, ba shaida sai wanda ya zo wucewa. Amma ka san ƙofar gidansa, ka san wanda ya haife shi, wataƙila ma mahaifinsa ne ya yi mana zaure. In ya yi nawa, ka tare shi bayan sallar asuba. In abin ya ƙi, ga liman ga mai unguwa. Kunya ce ke tsare kuɗin, ba komai ba.

A Legas ba haka ba ne. Mutum yana kwana a Agege, yana aiki a Ajah, iyalinsa suna wata jiha da ba ka taɓa takawa ba. Abin da ka mallaka a kansa lambar waya ce. Ranar da ya kashe ta, shi ke nan, ka shiga nema a garin da mutum zai shekara bai haɗu da maƙwabcinsa ba.

Ni ban gane haka ba sai da na ɗanɗana. Ka tuna rabin fulotin da na saya can gefen Ikorodu, saboda kusancinsa da kasuwarmu ta Mile 12. A farkon 2024 na samu wani magini, ɗan Arewa ne kamar mu, a masallaci muka saba. Na ce ai na gida ya fi. Muka yi jinga daga fandisho zuwa linta, kaya da aiki duka a wuyansa, ya nemi kashi 60 cikin ɗari wai don ya sayi siminti da rodi kafin su ƙara tashi. Maganarsa kuwa da ƙamshin gaskiya, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi bai zauna wuri ɗaya ba. Na tura masa ta waya, ban ko ce a rubuta ba.

Ya haƙa rami, ya sauke tifa ɗaya ta yashi, ya jera buhu ashirin na siminti ya rufe da tamfol. Daga nan sai gobe, sai jibi. A tsakanin nan ne buhun siminti ya haura naira 10,000, har ta kai ministan ayyuka David Umahi ya zauna da masu kamfanoni a watan Fabrairu aka ce a mayar da shi tsakanin 7,000 zuwa 8,000. Ni dai ina ta kira ana ce min waya a kashe. Da ruwan Afrilu ya sauko, ramin ya zama kududdufi har da kwaɗi. Na ɗaga tamfol na taɓa buhun sama, na ji shi kamar dutse. Raɓar garin nan ba ta barin siminti ya daɗe a ajiye, ba kamar wajenmu ba da za ka jibge shi a zaure da rani ka manta.

Bayan wata biyu wani lebura ya yi min kwatance, na same shi a saman wani bene ana zuba dakin, wato kankaren da ake shimfiɗawa a saman ɗakuna. Ya sauko yana share hannu a riga, ya ce, "Alhaji, wallahi ba cin kuɗinka na yi ba, juya su na yi." Da kuɗina ya ƙarasa aikin mai benen, yana jiran wani sabon mai gini ya ba shi kafin alƙalami ya zo ya yi nawa. Kamar adashi, sai dai masu zubin ba su san suna ciki ba. Daga baya na gane ba shi kaɗai ke wannan ba, kuma ba ruwan abin da ƙabila.

Akwai kuma abubuwan da ke cin kafin alƙalami a nan waɗanda ba ku da su. Na farko 'yan ƙasa, waɗanda Yarabawa ke kira omo onile. Ka sayi fili ka biya, amma ranar haƙa fandisho za su zo, ranar dakin za su zo, ranar rufi za su zo, wani lokaci tifa ma ba ta juye yashi sai an sallame su. Gwamnatin jiha ta yi dokar hana wannan tun 2016 zamanin gwamna Ambode, amma a bayan gari har gobe suna nan. In ka bar wa magini wannan lissafi, zai ce maka "na sallami yara", kuma babu rasit ɗin da za ka nema. Na biyu ƙasar kanta. Wurare da yawa fadama ce, sai an cike da yashi, wani wurin sai an shimfiɗa kankare da rodi a ƙarƙashin gidan gaba ɗaya. Kuɗin da zai kai ka linta a gida, a nan yana iya ƙarewa ba ka fito daga ƙasa ba. Duk maginin da ya yanke maka farashi bai ga abin da ke cikin rami ba, canki-canki yake yi. Ga takardar izinin gini, ga jami'an LASBCA, hukumar kula da gine-gine ta jihar, masu shafa jan fenti a bango. Wanda ya ga abin da ya faru da benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, mutum fiye da 40 suka rasu, ba zai ce duba gini ɓata lokaci ba ne.

Wanda ya ɗaga min ginin wani dattijo ne Bayarabe da maƙwabcina a kasuwa ya haɗa mu. Abin da ya ba ni mamaki, shi ya fara cewa a rubuta. Ɗansa ya yago takarda daga littafin makaranta ya ja layi: fandisho kaza, zuwa taga kaza, linta kaza, rufi kaza. Kowa ya sa hannu, shaidu biyu, muka ɗauki hoto a waya. Kaya ni zan saya, shi aikin hannu kawai. Abin da na ba shi a farko bai wuce na leburorin mako ɗaya da kuɗin mota ba. In ya gama mataki, in je in gani da idona, in biya. Kashi 10 na riƙe sai da damina ta bi ta kan rufin muka ga bai yoyo. Har bulo shi ya koya min gwadawa: ka ɗaga shi daidai ƙirji ka saki, in ya watse kamar dambu, ka mayar wa mai shi.

Masu tayil da silin kuwa, a nan 'yan Togo da Kwatano ake yayi. Suna auna ɗaki da mita, su yi lissafi a kai, layinsu kamar an ja da zare. Gaskiya a wannan sun fi namu. Sai dai har yanzu ban shiga ɗaki a Legas da ya kai soron Kaka sanyi ba, wanda aka yi da ƙasa da azara, amma wannan wata magana ce.

Kada kuma ka ce na ɗora wa magina laifi duka. Dattijon nan ya lissafa min mutum uku da ya gama wa aiki suka shiga gida suka bar shi da bashi. Lebura kuwa da yamma yake karɓar nasa, bai san "sai an biya ni" ba. Don haka neman kafin alƙalami ba rashin gaskiya ba ne, yawansa ne abin dubawa. Gwamnatin tarayya ma da take ba da kwangilar biliyoyi, dokarta ta 2007 kashi 15 ta yarda a bayar a farko, daga baya aka ɗaga zuwa 30, shi ma sai ɗan kwangila ya kawo takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Ni da nake sayar da albasa na ba da 60 a kan gaisuwar masallaci.

Legas tana da kotun ƙananan basussuka tun 2018, wadda ke sauraron abin da bai wuce naira miliyan 5 ba. An ba ni shawarar in je, amma da me zan je, ba ni da ko layi ɗaya a rubuce sai shaidar tura kuɗi. Gaban shugabannin Hausawan unguwarsu na kai shi, ya amsa, aka yanka masa abin da zai riƙa kawowa duk wata. Yana kawowa, wani watan ya tsallake. Kuɗin da na ba shi kuwa, ko ya cika su yau, ba za su sayi kayan da za su saya a lokacin ba.

To game da ɗakunan Inna. Na san maginin, na san gidansu, ban kuma zarge shi da komai ba, amma rabi ya yi yawa. Ka tambaye shi buhu nawa, bulo nawa, rodi nawa, ka je da shi kasuwa ku saya tare, a sauke a zaure, makulli a hannunka. Ka ba shi na leburorin mako guda. Sauran a kasa uku, linta da rufi da filasta, a rubuta a gaban Kawu. In ya ce ba a yarda da shi ba ne, ka ce ni na ce, ni ne mai turo kuɗin, kuma an taɓa ƙona ni. Ran Juma'a in Allah ya yarda zan turo na siminti, ka sa a ɗora buhunan a kan katako kada su taɓa ƙasa. A gaida Inna, a ce mata ƙafar tawa ta yi sauƙi.